Yadda ake zuba kankare mai ƙarko: a ƙuntata masa ruwa wajen kwaɓi, a wadata shi bayan zubi

Duk lokacin da ginshiƙi ya fara zubar da gari ko dekin ya tsage, abin da mai gini ke fara faɗa shi ne an sace masa siminti. Wani lokacin gaskiya ne. Amma a iya daɗewar da na yi ina tsayawa a kan aikin zubi, kankaren da ruwa ya kashe ya fi wanda ƙarancin siminti ya kashe yawa nesa ba kusa ba. Ana tuttula masa ruwa a lokacin da ba ya so, wato wajen kwaɓi, sai kuma a hana shi a lokacin da yake matuƙar buƙata, wato bayan an zuba.

Mutane da yawa, har da wasu magina, sun ɗauka kankare bushewa yake yi, rana ce ke ƙarfafa shi. Siminti gari ne da ake samu daga dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, a niƙa. Irin wanda duniya ke aiki da shi yau, wato simintin Portland, ya samo sunansa ne daga wanda wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a 1824. Da zarar ruwa ya taɓa wannan gari sai haɗi ya fara tsakaninsu, ƙwayoyin simintin su riƙa fitar da wasu 'yan siraran tsiro da ido ba ya gani, su sarƙe da juna, su kama yashi da tsakuwa su riƙe gam. Ruwan shiga ya yi cikin jikin sabon dutsen. Shi ya sa kankare ke kamawa ko a ƙarƙashin ruwa, shi ya sa kuma in ka ɗora tafin hannunka a jikin katakon babban ginshiƙi washegarin zubi za ka ji ɗumi. Wannan haɗi yana ci gaba ne muddin akwai danshi. Ranar da danshin ya ƙare, ƙarfin ya tsaya a inda ya kai.

To, in haka ne, me ya sa yawan ruwa wajen kwaɓi ke cutarwa? Abin da siminti ke haɗewa da shi bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa ba. Wanda muke ƙarawa a kai don kwaɓin ya yi laushin zubawa ne. Duk ruwan da ya yi rara zaune yake a cikin kankaren yana cin wuri, in ya tashi sai ya bar ƙananan ƙofofi birjik a gurbinsa. Wani injiniya a Amurka mai suna Duff Abrams ya tabbatar da wannan tun 1918: ƙarfin kankare yana bin yawan ruwan da aka sa idan aka gwada shi da nauyin siminti. A aikin gida, buhu mai kilo 50 yana son ruwa wajen lita 25, wato rabin nauyinsa, har da danshin da ya zo a jikin yashi. In aka kai shi lita 35 don leburori su ji daɗin zubi, kankaren zai iya rasa sama da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, alhali ba a rage ko cokali guda na siminti ba.

Abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni. In injiniya ya rubuta maki 20 a takardar zane, yana nufin ɗan dunƙulen gwaji mai santimita 15 ta kowane ɓangare zai ɗauki kusan tan 45 kafin ya fashe, bayan ya yi kwana 28. Amma wajen ja ko lanƙwasa rago ne, abin da zai jure bai fi kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Ɗauki ɗanyen reshe ka lanƙwasa shi, za ka ga bayan gwiwar ne ke fara tsagewa, cikin kuwa matsewa kawai yake yi. Haka bim, wato kwantaccen kankaren da ke haɗa ginshiƙai, yake in aka ɗora masa kaya: samansa yana matsewa, ƙasansa yana miƙewa, kuma ta ƙasan yake fara buɗewa. Aikin rodi ke nan, ya zauna a ɓangaren da ake ja ya ɗauke wa kankare abin da ba zai iya ba.

Allah Ya haɗa jinin ƙarfe da kankare ta hanyoyi biyu. Zafi da sanyi suna buɗa su da tsuke su kusan daidai da juna, don haka ba sa rabuwa. Sannan kaifin da ke cikin siminti, wanda ke cin fatar hannu, shi ne ke hana rodi tsatsa. Wanda ya fara shahara da wannan haɗi ma ba injiniya ba ne. Wani mai lambu ne a Faransa, Joseph Monier, da ya sa ragar ƙarfe a cikin tukwanen shuka na siminti, ya yi wa dabarar rajista a 1867.

Kafin rodi ma an yi abin mamaki. Ƙubbar ginin Pantheon da ke birnin Rum, mai faɗin mita 43, an kammala ta wajen shekara ta 126 miladiyya da kankaren Romawa na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, babu rodi ko ɗaya, kuma tana nan tsaye. Sun tsara siffarta yadda nauyin zai riƙa danne kankaren, suka sa duwatsu masu nauyi a ƙasa, marasa nauyi can sama.

Nauyinsa abin lura ne. Mita ɗaya ta kowane ɓangare na kankare yana kai kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 yana da kilo 360 a kan kowane murabba'in mita tun kafin kowa ya hau. Masu cewa a ƙara kaurin dekin don ya yi ƙarfi su tuna nauyi suke ƙara wa ginshiƙai da harsashi. Ba ya cin wuta, gara ba ta cinsa, ba ya ruɓa, amma yana ɗan tsukewa in ya bushe, kuma daga nan yawancin tsagogi ke fitowa.

Wane iri aikinka ke buƙata

Kankare zalla marar rodi na wurin da ke zaune a kan ƙasa ne kuma danni kawai yake ɗauka: shimfiɗar ƙasan harsashi, daɓen tsakar gida, hanyar ƙafa. Mai rodi shi ne na ginshiƙi, bim, linta, dekin, matakala, tankin ruwa. Akwai wanda ake zubawa a masana'anta a kawo shi a shirye, irin kwalbati, shingen titi da murfin lambatu. Akwai wanda ake ja wa wayoyin ƙarfe masu tsananin ƙarfi a bar su a ɗame a cikinsa don su matse shi tun kafin kaya ya hau, dabarar da Eugène Freyssinet na Faransa ya yi wa rajista a 1928, kuma da ita ake yin dogayen bim na gadoji. Akwai marar nauyi na bangon raba ɗakuna, da mai zaren ƙarfe ko na roba a cikin kwaɓinsa don daɓen masana'antu, da wanda ake fesawa da iska a bangon ramin ƙarƙashin ƙasa, da wanda aka ƙirƙiro a Japan a shekarun 1980 mai malala ya cika akwati da kansa ba tare da girgiza ba. Mai gina gida biyun farko zai fi hulɗa da su, sai kuma wanda mota ke kawowa a kwaɓe. In da hali, a dekin babba ni wannan na mota na fi so, domin awonsa na sikeli ne. Sharaɗi ɗaya: kada a bari kowa ya ƙara masa ruwa a bakin gini, kuma a sauke shi cikin kusan awa ɗaya da rabi daga lokacin da aka kwaɓa.

Kayan haɗi

Siminti ya zama sabo. Zura hannu cikin buhun, ka ji shi lukui kuma da ɗan sanyi. Dunƙulen da ya murƙushe tsakanin yatsu ba komai, wanda ya ƙi murƙushewa kuwa ya riga ya sha danshi, ya gama aikinsa a cikin buhu. A jera buhuna a kan katako, nesa da bango, kada tsayin jerin ya wuce buhu 10, kuma a yi ƙoƙari a ƙarar cikin wata 3. Lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5 ko 52.5, ƙarfin simintin take nunawa. Ga ginshiƙi da dekin na fi natsuwa da 42.5.

Yashi ya zama mai kaifi, mai ƙaiƙayi a tafin hannu. Mai laushin nan na shafe ne. Babban abokin gaba a cikin yashi shi ne laka, domin tana lulluɓe ƙwayoyin ta hana siminti kama su, tana kuma shan ruwa. Gwajinta ba ya cin ko sisi. Sami farar kwalba, zuba yashin ya kai tsayin santimita 5, ƙara ruwa da ɗan gishiri kaɗan, girgiza sosai, ka ajiye awa 3. Yashi zai kwanta a ƙasa, lakar ta yi layi a samansa. In kaurin layin ya wuce milimita 3 zuwa 4, ko a wanke yashin ko a mayar da shi. Na sha ganin yashi mai kyau a ido, fari tas, amma kwalba ta tona masa asiri.

Tsakuwa ta zama mai tauri, mai tsabta, ba mai ƙura ko ganye ba. Mai girman milimita 20 ita ce ta yawancin aikin rodi, kuma ta fi kyau in akwai ƙanana a cikinta da za su cike tsakanin manya. Wadda ta fi ratar da ke tsakanin roduna girma maƙalewa za ta yi ta bar rami a ƙasanta.

Ruwa kuwa, wanda za ka iya sha shi ne na kwaɓi. Mai gishiri yana cinye rodi. Mai mai ko sabulu ko ruɓaɓɓen ganye yana raunana kamu. Sukari ma, ɗan kaɗan ya isa ya hana kankare kamawa a kan lokaci, don haka kada a ɗebo yashi a tsohon buhun sukari.

Awo da kwaɓi

Haɗin da aka saba ana faɗarsa da lambobi uku: siminti, yashi, tsakuwa. 1:3:6 na shimfiɗar ƙasa da cike ne. 1:2:4 na daɓe da ƙananan ayyukan rodi. 1:1½:3 na ginshiƙai, bim da wurin da zai riƙe ruwa. Don lissafin saye, mita ɗaya ta kowane ɓangare na 1:2:4 yana cin siminti buhu 6 da ɗan ɗoriya, na 1:3:6 buhu 4 da rabi, na 1:1½:3 wajen buhu 8. In akwai zanen injiniya, abin da ya rubuta shi ake bi. Gini mai hawa ba a yinsa da ƙiyasin magini, komai daɗewarsa a sana'a.

Awo da shebur yaudarar kai ne. Shebur na safe da na yamma ba ɗaya ba ne, na yashi mai danshi da na busasshe ma haka. Sa kafinta ya buga maka akwatin awo mai faɗi santimita 30, tsawo 30, zurfi 39. Cikinsa kusan lita 35 ne, daidai da buhun siminti ɗaya. Haɗin 1:2:4 ya zama buhu ɗaya, akwati biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, kowanne a share bakinsa da katako. In da kwano ko baro za a yi, a fara gwada akwati nawa yake ci. Ruwa shi ma da jarka ko bokiti mai alama za a auna, ba da tiyo a hannu ba. Wani abin da ake mantawa: yashi mai danshi yana kumbura, har da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, don haka akwatinsa bai kai na busasshe cika ba, kuma ya taho da nasa ruwan. Bayan an yi ruwan sama sai a ɗan ƙara yashi, a rage ruwa.

Injin kwaɓi ya fi hannu. A fara zuba ɗan ruwa da tsakuwa, sai siminti da yashi, sai ragowar ruwan, a bar shi ya juya kamar minti 2 bayan komai ya shiga. In da hannu ne, a kan daɓe ko faranti za a yi, ba a kan ƙasa ba. A juya yashi da siminti a bushe har launin ya zama ɗaya, a sa tsakuwa a sake juyawa, sannan a buɗe tsakiya a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan.

A nan ne rigimar take. Kwaɓi mai kyau yana da nauyi a shebur, yana da wuyar shimfiɗawa, leburori ba sa sonsa. Ba za a jima ba wani zai ɗago ya ce, "Oga, ya yi tauri fa, bari a ɗan sa masa ruwa." Ba mugunta ba ce, bayansa ne ke ciwo. Amsar da nake bayarwa ita ce, "Malam, in za ka ƙara bokitin ruwa, ka ƙara simintin da zai ci shi." In ana son laushi ba tare da asarar ƙarfi ba, akwai maganin ruwa-ruwa da ake sayarwa don haka, ana ɗiga shi gwargwadon abin da aka rubuta a jikin jarkarsa, sai kwaɓin ya saki alhali ruwansa bai ƙaru ba.

Yadda za ka gane kwaɓi ya yi: ɗebo da shebur ka kifar. Ya zauna a tsibi, ya ɗan baje, kowace tsakuwa a lulluɓe. In ka shafa bayan shebur a kansa ya yi sumul. In ruwan siminti na gudu gefe yana barin tsakuwa tsirara, ya yi ruwa. A manyan ayyuka akwai mazurarin ƙarfe mai tsayin santimita 30, gindinsa 20, bakinsa 10. Ana cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sandar ƙarfe sau 25, a zare mazurarin a miƙe, a auna yadda tsibin ya sauka. Santimita 5 zuwa 10 shi ne na aikin gida. Kuma a kiyaye jiki: dogon takalmin roba da safar hannu. Ɗanyen kankare yana ƙona fata a hankali, mutum ba ya ji sai ya cire takalmi da yamma ya ga ƙafa ta saluɓe.

Kafin kwano na farko ya hau

Zagaya akwatin katakon da za a zuba kankaren a ciki da kanka. A toshe duk wata kafa, domin ta nan ruwan siminti ke tsiyaya ya bar tsakuwa ba abin riƙo. Sandunan tokara su tsaya a miƙe a kan katako mai faɗi, ba a kan ƙasa mai laushi ko guntun bulo ba, kuma a ɗaure su da juna. A share garin katako, guntayen waya da leda daga ƙasan ginshiƙai. A shafa wa katakon mai kaɗan don ya saki, amma kada man ya taɓa rodi. A jiƙa katakon da ƙasa kafin zubi don kada su tsotse ruwan kwaɓin.

Sai rodi. Ɗan jan tsatsa a jikinsa ba laifi, wanda ke ɓarewa a goge shi da burushin waya. Abin da na fi dubawa shi ne ratar da ke tsakanin rodi da katako, domin wannan ɗan kaurin kankaren shi ne rigar rodin. Milimita 20 zuwa 25 a dekin, 25 zuwa 40 a bim da ginshiƙi, 50 a harsashi, 75 in kankaren zai kwanta kai tsaye a kan ƙasa. Ana samun wannan rata da biskit, 'yan dunƙulen siminti masu waya da ake ɗaurawa a ƙarƙashin rodin. Guntun katako ko ɓallin bulo ba ya maye gurbinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: in rigar ta yi siriri, danshi da iska su kai ga ƙarfe, tsatsa ta kama, ita kuwa tsatsa tana cin wuri ninkin ƙarfen da ta fito daga gare shi, sai ta turo kankaren ya ɓalle. Duk silin ɗin dekin da ka ga ya zubo rodi ja a fili, labarin ke nan.

Wuri ɗaya da nake tsayawa a kansa ba na matsawa shi ne baranda mai lilo, wadda ta fito waje ba ginshiƙi a bakinta. Ita samanta ake ja, don haka manyan rodunanta a sama suke zama. Mai ɗaurin rodi zai jera su daidai, ya ɗora su a kan kujerun ƙarfe. Sai ranar zubi masu kwano su bi ta kansu sau ɗari, kafin azahar rodunan sun kwanta a ƙasa, kankare ya rufe su, ba wanda ya gani. Barandar za ta tsaya muddin tokara na ƙasanta. Maganin shi ne a shimfiɗa katakon tafiya a sama da rodin, a sa mutum ɗaya aikinsa kawai duba rodi yana gyarawa gaban masu zubi.

Zubi

A yanayin zafi a fara da sassafe ko a bari sai yamma, a jiƙa tsibin tsakuwa don ya huce. Ko a Burj Khalifa na Dubai, mai tsayin mita 828, inda aka tura kankare da famfo har kusan mita 600, da dare aka riƙa zubi a lokacin zafi, ana sa ƙanƙara a cikin kwaɓin. Abin da aka kwaɓa a zuba shi cikin rabin awa in zai yiwu. Wanda ya fara kamawa a ƙasa ba a farfaɗo da shi da ruwa, zubarwa ake yi.

Kada a wurgo kankare daga sama da mita ɗaya da rabi, tsakuwa za ta riga siminti isa ƙasa. A dogon ginshiƙi a bar taga a tsakiyar akwatin. A zuba hawa-hawa, kowanne santimita 30 zuwa 45, a girgiza kafin a ƙara wani. Girgiza ba ado ba ce. Duk kashi ɗaya cikin ɗari na iskar da ta maƙale a ciki tana rage ƙarfi da kusan kashi 5 zuwa 6. A tsoma bakin injin girgiza a miƙe, ya ɗan shiga hawan da ke ƙasa, a bar shi daƙiƙa 5 zuwa 15 har kumfa ta daina fitowa fuskar ta yi sheƙi, a zare a hankali don ramin ya rufe. Ba a jan kankare gefe da shi, ba a kuma jingina shi da rodi. In babu inji, a soka da sandar ƙarfe sosai, wani kuma yana bubbuga katakon da guduma daga waje.

Dekin ana so a gama shi a zubi ɗaya. In dole ta sa a tsaya, injiniya ne zai nuna inda za a yanke, a tsayar da bakin a miƙe da katako, washegari a farfasa fuskar, a wanke, sannan a ci gaba. Bayan an ja miƙaƙƙen katako an daidaita, wani ruwa zai taso sama. A jira ya janye kafin a shafe. Masu barbaɗa busasshen siminti a kansa don ya tsotse suna yin ɓawon da zai ɓare ne daga baya.

Ban ruwa

Yanzu ne lokacin sakin hannu. Da zarar fuskar ta yi taurin da yatsa ba ya lotsa ta, a fara jiƙawa. In ana iska mai bushewa ko rana mai zafi, tun kafin nan ma a rufe da leda, domin a awannin farko ne siraran tsagogin nan ke fitowa idan saman ya bushe cikin na ɗanye. A dekin, hanya mafi kyau ita ce a zagaye bakinsa da ɗan shingen yashi da siminti a tara ruwa ya kwanta. Ginshiƙai a naɗe su da buhunan algarara a riƙa jiƙawa, ko a jiƙa a naɗe da leda a ɗaure. Abin da ake nema shi ne kada ya bushe ko sau ɗaya. Yayyafin safe da rana za ta shanye kafin hantsi bai wadatar ba.

Kwana 7 shi ne mafi ƙaranci, 14 ya fi, musamman in simintin mai gaurayen toka ne da ke jinkirin yin ƙarfi. A kwana 7 kankare yana kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, a kwana 28 ake yi masa hisabi, kuma yana ci gaba da ƙaruwa a hankali bayan nan. Wanda aka bari ya bushe tun ranar farko zai iya tsayawa a wajen rabin abin da ya kamata ya kai. Mai gini yakan ce mini, "Injiniya, ai ya bushe, har an hau kansa." Sai in ce, "Alhaji, bushewar ce ba ma so." A ganina wannan aiki ya cancanci a ɗauki mutum guda a biya shi a kansa, domin in aka bar wa kowa, ba wanda zai yi. Ranar zubi wuri cike yake da mutane, washegari sai mai gadi.

Zafin da kankare ke fitarwa ba ya damun ƙaramin gini, amma a zubi mai kauri sosai cikin yana zafi waje na hucewa, sai ya tsage. A madatsar ruwa ta Hoover a Amurka, da aka gina tsakanin 1931 da 1936, gunduwa-gunduwa aka zuba kankaren, aka binne bututu a ciki ana zagaya ruwan sanyi. Wannan ma dalili ne da ya sa cusa siminti fiye da ƙima ba gwaninta ba ce: yana ƙara zafi, yana ƙara tsukewa.

Cire katako

Gefen ginshiƙi da gefen bim ana iya buɗewa bayan kwana 1 zuwa 2, a ci gaba da ban ruwa. Tokarar ƙasan dekin kuwa, kwana 7 in faɗinsa bai wuce mita 4 da rabi ba, 14 in ya wuce. Ta ƙasan bim kwana 14, in ya fi mita 6 kwana 21. Waɗannan mafi ƙaranci ne, a lokacin sanyi a ƙara. Ni dai ba na son a taɓa tokarar dekin kafin mako 3, ko da mai hayar katako yana ƙorafi. A fara sassautawa daga tsakiya zuwa gefe, a baranda mai lilo kuma daga bakin waje zuwa ciki. Kada a jibge bulo ko yashi wuri ɗaya a kan sabon dekin.

Daɓen ƙasa mai faɗi zai tsage ko ana so ko ba a so, don haka a nuna masa inda zai tsage. A daɓe mai kaurin santimita 10, a yanka layi kowace mita 3, zurfinsa kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, cikin kwana guda da zubi.

In aka buɗe katako aka ga ramuka-ramuka da tsakuwa a fili, kada a bari magini ya yi sauri ya shafe kafin ka gani. In na fuska ne, a sassaƙe har a kai ga mai tauri, a wanke, a jiƙa, a cusa kwaɓi mai ƙarfi, a ba shi ruwa kamar sauran. In ramin ya kai ga rodi ko ya yi zurfi a cikin ginshiƙi, injiniya ne zai ce a gyara ko a fasa. Haka tsaga: siririya kamar gashi a fuskar daɓe yawanci ta bushewa ce. Wadda ta ratsa ƙasan bim, ko ta tashi a karkace kusa da ginshiƙi, ko ta bi saman baranda a jikin bango, a shafa mata ɗan siminti a gicciye a rubuta kwanan wata a gefe. In shafen ya tsage, tana ƙara buɗewa ke nan, a mayar da tokara, a sauke kayan da ke sama, a kira injiniya a ranar.